Wata Shida na Magani

Ranar da Bahijja ta je Ƙofar Mata gwajin tarin fuka da abokan aikinta na asibiti, tarin Mikail ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. Marini ne, shekararsa biyu da zuwa daga Damagaram, hannayensa shuɗi har gwiwa.

"Malam, zo a gwada ka," ta ce.

Ya naɗe hannun riga yana murmushi. "Malama, ga lambata, tun ina jariri aka yi mini rigakafi. Ciwon nan ba ya kama mai lamba."

"Lamba ƙananan yara ta fi tsarewa. Babba kamarka ba ya dogara da ita. Kawo kaki."

Ya kawo, ba don ya yarda ba, don dai ya sake ganinta. Sakamako kuwa ya nuna ciwon na jikinsa. Aka ɗora shi a kan magani na wata shida.

Kullum da safe saƙonta ke shigowa: "Ɗan Damagaram, ka sha?"

Shi kuma ya amsa: "Na sha, Likitata. Gobe ma ki tambaya, tambayar ta fi maganin aiki."

Kafin wata biyu so ya kama su, ba ɓoyo. Da mahaifinta Alhaji Lawal ya ji, ya ce sam. "Ba zan kai 'yata gidan tari ba. Ga Zaharaddeen ɗan aminina, lafiyarsa lau."

"Baba, ciwon nan yana warkewa," ta ce a ladabce. "Ka ba Mikail wata shida kawai."

A wata na uku tari ya tsaya, sai gaggawa ta ɗebi Mikail. Ya rubuto: "Na warke, Likitata. Na ajiye magani, gobe zan turo manya."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. "Tsayawar tari ba warkewa ba ce. In ka bar magani, ka bar ni."

A ranar ya koma kan maganinsa, bai sake tsallake ko kwana ɗaya ba.

Da gwajin ƙarshe ya fito lafiya, Bahijja ta kai wa Alhaji Lawal takardar, ya daɗe riƙe da ita. "Ƙanina Ilu wata biyu ya sha maganin nan ya bari, ciwon ya yi ajalinsa," ya ce a hankali. "Da ya samu mai tsare shi haka, da yau shi ne waliyyinki. Ki ce ya turo."

Bayan Sallah aka ɗaura auren a unguwar Zaitawa. Alhaji ya kama shuɗin hannun angon ya ce, "Allah Ya ba ku lafiya da zuri'a ta gari."