Safar da Aka Saƙa wa Tormod

Da hantsi ne, ana yayyafi, teku ta yi duhu kamar mai fushi.

Seonag ta tura ƙofar Murdo, mutumin da za ta aura ran Asabar, sai ta daskare a tsaye.

Yana zaune bakin murhu cikin kilt ɗinsa, siket ɗin gargajiya na mazan ƙasarsu, ƙafafunsa sanye da doguwar safa ta baƙin ulu. Ta san safar nan. Ita ta saƙa ta da hannunta, domin Tormod, saurayinta na farko, wanda teku ta cinye ana saura kaɗan bikinsu. Ko gawarsa ba a gani ba.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Inna Peigi."

Mahaifiyar Tormod ke nan. Ita ta riƙe Seonag tun tana marainiya, kuma ta rantse ba za ta taka coci ba sai ango ya sa safar ɗanta.

"Cire, Murdo! Ta san jikinka ba ya shiri da ulu, shi ya sa!"

Ta durƙusa ta ja safar ƙasa. Ƙwaurinsa ya yi jawur, duk ya sosa har jini.

"Wayyo, masoyina..."

"Kwana uku nake gwaji," ya ce yana murmushi. "Kare mai ƙuma ma ya fi ni kwanciyar hankali."

"Ba abin dariya ba ne! In na kalli ƙafarka... shi nake gani. Ina jin takunsa a bayan ƙofa."

"Na sani, hasken idona. Shi ya sa nake so ki ga safar nan tana rawa. Ta daɗe a cikin akwati."

"To a fasa bikin! Ba zan ɗaura aure babu Inna ba, ba kuma zan kalle ka kana zubar da jini ba."

"Ni dai ina coci ran Asabar. Ki zo ko kada ki zo."

Ta fita da kuka. Ba ta lura da Inna Peigi da ke tsaye jikin taga daga waje ba, ruwa na sauka a kan gyalenta.

Safiyar Asabar, Seonag ta dawo da rigar amarci a jikinta, ita kanta ba ta san me ta zo faɗa ba. Ta tarar da Inna Peigi a ɗakin.

"Kai, ɗan masunci, miƙo ƙafar nan!"

Tsohuwar ta zaro wata siririyar safa ta auduga, fara, duk ta sha wanki.

"Wannan ake fara sawa, sannan ulu ya hau kai. Tormod ma haka yake yi."

Seonag ta dafe ƙirji. "Tormod?"

"Ulunki kamar ƙaya, 'yar nan. Ranar da ya gwada, kwana ya yi yana susa. Ya ce in na gaya miki, ba ni ba shi." Ta kalli ƙwaurin Murdo. "Na zaci babu wani da zai jure miki haka."

Seonag ta yi dariya, hawaye na zuba.

Inna Peigi ta durƙusa da ƙyar, ta naɗe bakin safar a ƙasan gwiwar Murdo, ta cusa farar ciki yadda ido ba zai gan ta ba.

Kafin ya buɗe baki, ta ɗauki lemarta ta kama hanyar coci.