Ɓatan Tsito

Da hantsi aka kawo wa Insifekta Bahauddeen rahoton an sace jaririn goggon biri a Fagge. Ya so ya yi dariya, sai dai fuskar Malam Goni, shugaban gidan renon marayun namun daji, ba ta ba da damar hakan ba.

"Yallaɓai, Tsito muke ce masa. Mafarauta suka harbe uwarsa, aka kama shi cikin kwali a tashar mota. Muna jira ya yi ƙwari mu kai shi gandun daji wurin 'yan uwansa. Ba ya karɓar madara sai a hannun Yakaka, mai renonsa. In ba a same shi da wuri ba, yunwa za ta kashe shi."

Insifekta bai sa rai ba. A garin nan mutum ma kan ɓace a gaji da nema, balle biri. Duk da haka ya ɗauki hularsa.

A ƙofar ɗakin renon aka miƙa masa takunkumi.

"Dokarmu ce," in ji Goni. "Murar da za ka yi ka warware, su kashe su take yi. Mai mura ba ya ko leƙa ɗakin nan."

Yakaka, wata dattijuwa, tana zaune a kan tabarma, nata takunkumin har ƙarƙashin ido.

"Inna, ya aka yi?"

"Wanka na shiga da safe, na bar shi yana barci. Na fito babu shi." Muryarta a dishe take.

"Tun safe take kuka," in ji Goni. "A bayanta yake yini, a ƙirjinta yake kwana."

"In baƙo ya ɗauke shi fa?"

"Ihun da zai yi, har can unguwar Bata sai an ji."

"To wa ya ji ihu?"

Babu wanda ya ji.

Maigadi Abdulƙahhar ya rantse bai motsa daga bakin ƙofa ba. Mai shayin tsallake kuwa ya ce ai a bencinsa ya karya, yana ta musun ƙwallo. Aka tafi da maigadi ofis, don dama in aka rasa na kamawa, shi ne a kusa.

Da ya ji an rufo masa ƙofa, bakinsa ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban saci komai ba. Abu ɗaya na ɓoye. Inna ta riƙa aikena kemis a Sabon Gari, ta ce kada Malam ya sani."

Mai kemis ɗin, Amarachi, ba ta wahalar da kowa ba.

"Oga, farko maganin murar manya ya saya. Jiya ya dawo, wai na jarirai, wai ƙirjin yaro na ƙara. Na ce masa wannan ba na kemis ba ne, a kai yaro asibiti."

Insifekta ya fara gane inda zancen ya dosa. Ya fi son a ce ɓarawo ne, don ɓarawo ana iya tare shi a hanya.

Da ya koma Fagge, bayan ɗakin renon ya fara zagayawa. A gindin gwaiba ya ga sabuwar ƙasa, an daddale ta da hannu an yayyafa ruwa, yadda ake yi wa kabari.

Ya shiga ɗakin, Goni na biye da shi.

"Inna, cire takunkumin nan."

Ta cire. Tarin da ta yini tana dannewa ya ƙwace mata, har sai da ta dafa bango.

"Yaushe ya mutu?"



"Da asuba. A bayana. Na ji hannunsa ya saki wuyana."

Goni ya zauna a ƙasa. "Yakaka, kin fa san doka."

"Na sani, Malam. In na faɗa, za ka fitar da ni, shi kuma ba zai sha a hannun kowa ba. Na ce in na tafi yunwa ce, in na zauna ƙila Allah ya tsare. Na zauna, ni na shafa masa. Na naɗe shi a zanina na rufe shi, don ba zan iya kallo a yanka shi wai ana neman dalili ba."

"Kika kuma yi shiru aka kulle maigadi."

"Tsoro ne, Yallaɓai. Ku sake shi, ba ruwansa."

Tausayinta ya kama Insifekta, amma ba da rahoton ƙarya laifi ne. Ya hana kofur ɗin da ke tare da shi saka mata ankwa, ya ce ta yafa mayafinta kawai.

Suna fita wayar Goni ta yi ƙara. Ya saurara, ya sauke ta a hankali.

"An sake kama wata jaririyar goggon biri a kan iyaka. Gobe za a kawo ta."

Yakaka ta tsaya, ƙafarta ɗaya cikin motar 'yan sanda.

"Malam, wa zai goya ta?"

Kofur ya rufe ƙofar motar.