Ƙwaryar da Ta Kwana Uku a Kife

Kada ki ce ba ki taɓa yi ba. Kin sha wuce ƙofar da ake bukatarki, kika kau da kai don kina sauri. To, ki ji abin da sauri ya jawo a bayan garin Bungudu, daminar 1956.

Luba ta tsaya a tsakiyar hanya, ƙwarya a hannunta. Da ƙyar Malam Sahabi ya taka birkin mota.

"Luba, lafiyarki? Saura kaɗan in..."

"Sauko."

"Sanyin idona, na makara, mutane na jirana."

"Na ce ka sauko, Malam. Ko ka manta yadda ake taka ƙasa?"

Ya sauko. Ta miƙa masa ƙwaryar.

"Ka san wagga?"

Ya san ta, don shi ya kawo dabarar. Sahabi malamin asibiti ne a wani ɗakin shan magani, mil uku daga Bungudu. Shekara huɗu yana zuwa aiki a ƙasa, ta wata 'yar hanya da ta ratsa ƙauyuka. Matan aure ba sa fita, mazansu kuma suna gona tun asuba, sai ya ce duk gidan da ke da mara lafiya a kife ƙwarya a kan dangar ƙofa. In ya gani, ya yi sallama. A hanyar nan ya san Luba, ran da ta kife ƙwarya lafiyarta ƙalau, don kawai ya tsaya.

Amma mahaifinta, Malam Yari, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga ma'aikacin da faso ya tsaga wa dunduniya ba. Garba mai awon gyaɗa, wanda shi ma yake nemanta, shi ke zuga shi: ina aka taɓa ganin malamin gaske yana yawo kamar ɗan koli? Sahabi ya je Gusau ya roƙi tsohuwar motar kawunsa. Mota ba ta bin hanyar ƙafa, sai babban titi. Mako bai zagayo ba Malam Yari ya karɓi goro.

"Ta wane gida ce?" in ji Sahabi.

"Ta Yaya Dije."

Ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Luba ta ci gaba.

"Kwana uku tana kife, Malam. Ɗanta Ibrahim na gudawa, ita tana leƙe ta danga, tana ce ma mijinta ya yi haƙuri, Malam bai taɓa wuce ƙwarya ba. Safe da marece tana jin kukan motarka daga nesa. Jiya da la'asar anka kai shi makwancinsa."

"Inna lillahi... Mi ya hana a aiko mini?"

"A aiko? Kai ka ce a kife ƙwarya! Da ka daina bi, wa ka gaya ma?"

Bai gaya wa kowa ba. Bai ma tuna ba.

"Dominki na yi, Luba. Babanki ne ya..."

"Kada ka ɗora mini gawar yaron nan. Ni na ce ina son mota? Wanda na ce ina so, ƙura ce har gwiwarsa, ya san sunan kowane yaro a hanyar ga, ya san rijiyar da ta ɓaci tun kafin ta kwantar da mutane. Wannan da ke wucewa yana watsa ma tsofaffi taɓo, ban san shi ba."

Ta zare zoben azurfar da ya ba ta, ta jefa cikin ƙwaryar. Ƙarar ta fi mari zafi.

"Luba..."

"Ka makara. Mutane na jiranka."

Washegari ya mayar da motar Gusau. Daga Bungudu ya taka a ƙasa har wurin zaman makoki, ya durƙusa gaban Malam Yari, Garba na zaune a gefe.

"Baba, na mayar da mota, kuma ba ni sake hawanta zuwa aiki. In sai mai ƙafa mai tsabta za ka ba ɗiyarka, ga Garba nan."

Garba ya gyara zama. Malam Yari bai ko dube shi ba. Ƙafafun Sahabi yake kallo, taɓo har idon sawu. Jikansa na fari ne aka binne.

"Ni na kore ka daga hanyar nan," in ji tsohon. Ya tura masa butarsa. "Wanke, ka zauna kusa da ni."

Uba ya sauko, 'ya ba ta sauko ba. Kwana arba'in Sahabi yana wuce ƙofar gidansu safe da yamma, da rana da ruwan sama, ko inuwarta bai gani ba. Ya tsaya a ƙwarya goma sha ɗaya. Yara biyu da aka fid da rai a kansu suka tashi.

Rana ta arba'in da ɗaya, ga ƙwarya a kife a dangar Malam Yari. Ya yi sallama da gudu.

Luba ce ta fito, fuska a ɗaure.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ba kowa. Dubawa nake ko kana gani."

Ta buɗe masa tafin hannunta. Ya laluba jakar magani, ya ɗauko zoben, don tun ranar yana ciki.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Dije ba ta zo biki ba, kuma babu wanda ya ga laifinta.

Ke kuma da kike karantawa, a hanyarki ma akwai ƙwarya a kife. Gobe da safe ki sauko, ki taka, ki duba.