Malfar Gyangyaɗin Kaka

A can wani zamani, a wata makarantar koyon sana'a, malami ya ce kowane ɗalibi ya ƙera abin da zai amfani wani. Sai wata ɗaliba ta tuna da kakarta mai sayar da daddawa, wadda kullum da rana take gyangyaɗi a kasuwa, wuya na lanƙwashewa, ƙudaje na damunta.

Ta samo kaba da auduga. Ta auna, ta saƙa, ta ɗinka, har ta gama wata ƙatuwar malfa mai rufe kai har kafaɗa, da matashi a ciki, da ado ja da kore a waje.

Kaka ta sa, ta yi barci mai daɗi. Da ta farka sai ta ce, "Wayyo jikalle, har an yi la'asar? Ko kiran salla ban ji ba! Ungo abarki."

Ga shi washegari za a duba aikin. Ƙawayenta suka ce, "Ki kai ta haka nan, wa zai sani?"

Yarinya ta daɗe tana kallon adon nan. Can sai ta ɗauki almakashi ta huda saitin kunnuwa, daidai inda adon ya fi kyau. Ta auna, ta saƙa, ta ɗinke bakin hujin.

Malfar ba ta zo ta ɗaya ba, ta huɗu ta zo. Amma shekara tara Kaka na gyangyaɗi a cikinta, la'asar ba ta sake wuce ta ba.

Yau yarinyar nan ta yi furfura. Malfar na rataye a ɗakinta, har yanzu tana ƙanshin daddawa.