Dambun da Ya Kashe Bakin Dankure

Sa'ida na tankaɗen gari a tsakar gidansu da ke Argungu, mahaifinta Malam Dankure ya ɗauko karatunsa na kullum.

"Babu kamar Bakabe, ko ga ruwa ko ga tudu! Ɗiyata ba ta auren Bazabarme."

Bazabarmen shi ne Munzali, manomin albasa a Augie, wanda ya daɗe yana neman aurenta. Da, Sa'ida kuka take yi har idonta ya kumbura. Yanzu hawayen sun ƙafe. Ta ci abinci ba ta jin ɗanɗano, ta ga mesej ɗinsa ta kife wayar. Ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ba ta kuma saurari kowa ba.

Ranar sunan jikan Gwaggo Kulsumi, yayar Dankure, aka ajiye masa kwanon dambun shinkafa da zogale. Loma ɗaya ya kai, ya tsaya cak.

"Allahu akbar, dambun marigayiya Inna! Kun ji hannun Kabawa ke nan. Wace ƙabila ka iya wanga?"

Sai da ya suɗe kwanon tas, sannan Gwaggo ta matso.

"Uwar Munzali tad dahwa shi."

"Ƙarya ta!"

"Ni za ka ƙaryatawa? Inna Bazabarma ta, Dankure. Daga Dosso anka kawo ta, kai kana yaro tar rasu, Baba kuwa ya hana a tada zancen. Tsagen Kabawan ga na huskarka wanzami yay yi ma shi, nonon da kas sha kuwa nata na."

Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar nan ya gamu da gamonsa. Ya zauna yana kallon kwano.

Da la'asar ya sami Sa'ida a bakin murhu.

"Ki ce ma yaron nan shi turo magabatanai."

"To, Baba," ta ce, ta ci gaba da iza wuta. Sai da tukunya ta tafasa sannan kukan ya zo mata.

Haƙurin Sa'ida ya biya ta. Son naka ba laifi ba ne, raina na wani shi ne ɓata. Dankure ya shekara yana zagin Zabarmawa, ashe duk mahaifiyarsa yake zagi.