Kujerar da Aka Matsar

Auta ce ta fara ɗaga hannu, Dogo ya bi ta.

A taron shekara na ƙungiyar masu tsara cikin gida aka yi haka. An ce ana neman 'yan sa-kai, kwamitin da zai gyara zauren jira na wani asibitin ido, ba lada sai na Allah. Kowa ya sunkuya kan wayarsa. Auta ta san zauren nan, can take kai mahaifinta ganin likita. Da ta waiwaya sai ta hango hannu ɗaya can baya, yana neman taɓo fanka.

Ganin ta shiga, wani mai babban kamfani ya shigo shi ma, aka ba shi shugabancin kwamitin. Daga ranar kowa Shugaba yake ce masa.

A bakin ƙofa Dogo ya tare ta.

"Ke ce mai haɗa launi?"

"Ni ce. Kai ne mai fitilu?"

"Ni ne."

"Me ya kai ka ɗaga hannu?"

"Na ga naki shi kaɗai a sama, ya ba ni tausayi."

Ta yi niyyar haɗe rai, dariya ta riga ta.

Duk Asabar suke zama a ofishin ƙungiya, kan dogon tebur cike da gutsattsarin tayil da ƙyallayen labule da katin fenti. Nan ta gano halinsa. Dogo ba ya iya ganin abu a karkace. Yana magana yana daidaita hoton bango, yana saurare yana jera kofuna. Ita kuwa sai ta riƙa karkata bironta da gangan, tana jiran hannunsa.

Wata rana saƙonsa ya shigo: "Launina, na ga shuɗin da kika zaɓa rana ta faɗa masa. Na tsaya har mai fenti ya tambaye ni ko lafiya."

Ta rubuta: "Shuɗin kawai?"

"Shi kaɗai zan iya faɗa a waya. Sauran sai a gaban Baba."

Baba, mahaifin Auta, tsohon direban babbar mota ne. Idonsa ya dushe, ba ya bambance komai sai haske da duhu. Ya ƙi sanda. A waje yana yarda Auta ta riƙe masa hannu, yana tafe yana cije baki. A falonsa kuwa ba mai riƙe shi. Jikinsa ya haddace ɗakin, shekaru ba a gusar da ko tabarma ba.

Ran da Dogo ya zo gaisuwa, aka bar shi a falo shi kaɗai, Auta ta shiga kiran Baba. Ya ga kujerar tsohon a lungu mai duhu, ga taga kusa tana zubar da haske a banza. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya ja kujerar kaɗan zuwa tagar.

Baba ya shigo kai a sama, ya amsa gaisuwa, ya juya, ya zauna inda ya saba. Ba kujera. Ya zube ƙasa a gaban baƙo, hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur.

Auta ta yi kansa, ya ture hannunta. Da kansa ya tashi.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ne, Baba. Na ga hasken ya fi..."

"Ni ka ga na yi kama da mai neman haske? Fita."

Bayan Dogo ya fita, Inna, mahaifiyar Auta, ta kama kujerar za ta mayar. Baba ya ce, "Bar ta nan. Duk na zauna in tuna." Ya juyo inda yake jin numfashin Auta. "Wanda ya shiga ɗakin mutum ya gyara abin da ba a sa shi ba, haka zai yi miki a zaman aure. Kada in ƙara jin zancensa."

Dogo ya daina zuwa zaman kwamiti. In ta tura saƙo, sai ya ce, "Ki yi haƙuri, Launina. Ina koyon wani abu." Shi ke nan.

Shugaba ya sami fili. Ya kawo nasa tsarin: marmara mai sheƙi, manyan madubai, ƙofar gilashi. Ya kuma fara zuwa gaida Baba, da turare da kaya niƙi-niƙi, yana ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi.

"Ido ne ya tafi, yaro," in ji Baba. "Kunnen yana nan."

Duk da haka bai kore shi ba, kuma wannan ya hana Auta sukuni.

A ofis Shugaba ya ce mata, yana wasa da makullin mota, "Mutuminki ai ya sami abin yi. Kullum yana asibiti, wata nas tana riƙe da hannunsa."

Ba ta yarda ba, amma ta je. Daga bakin get ta hango bayansa, ba mai wannan tsawon sai shi. Ga mai farin kaya ta saƙale masa hannu, suna tafe a hankali, tana dariya. Auta ta juya.

Ta rubuta: "Na gan ka. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da mai farin kaya."

Ya amsa: "Ta baya kika gan ni. Gobe da safe ki zo ta gaba."

Ta zo don ta faɗa masa magana ta ƙarshe. Sai ta tarar da shi tsakiyar zauren, an ɗaure masa ido da baƙin ƙyalle, ƙulu a goshi, yana lalube. Nas ɗin kuwa dattijuwa ce, a shekaru ta haife shi ma; ta dubi Auta.

"Ke ce? Zo ki karɓi kayanki, 'yata. Ya ƙarar mana da bencuna da ƙwauri. Jiya har da kwandon shara ya ba haƙuri."

Dogo bai cire ƙyallen ba. "Launina? Na ji takunki."

"Me kake yi wa kanka haka?"

"Duk aikina don masu ido na yi shi. Ban taɓa tambayar yadda ɗaki yake ga wanda ba ya ganinsa ba. Sai da na kayar da mahaifinki."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama hannun da nas ta saki.

Asabar ta zagayo, Dogo ya zo zaman kwamiti da ƙyallaye cike da jaka. Bai yi gardama da kowa ba. Ya roƙi kowa ya ɗaure ido ya nemi ƙofa. Shugaba ya ce shi ba ya wasan yara, da aka matsa ya ɗaura, ya tafi gadan-gadan ya rungumi kabad. Da aka gama dariya aka kaɗa ƙuri'a, marmara da madubai suka faɗi. Shugaba ya sa hannu kamar kowa, amma ƙafarsa ta ɗauke daga gidan Baba.

Suka shiga aiki. Dogo ya cire fitilu masu kashe ido, ya sa masu laushi. Auta ta ajiye launukan da take so, har shuɗin nan, ta zagaye kowace ƙofa da rawaya mai ƙarfi a kan bango mai duhu, yadda mai ganin dishi-dishi zai tsinkaya. Sauran 'yan kwamiti suka bar shagunansu suna zuwa goge katako.

Ba a yi bikin buɗewa ba. Ranar ganin likita ce ta zo, Auta ta kawo Baba, hannunsa cikin nata kamar kullum.

A bakin zauren ya tsaya. Ƙafarsa ta ji ƙasa ta canja, wani layi mai gurzo ya miƙe ƙarƙashin takalminsa. Hannunsa na dama ya ci karo da katako a jikin bango, sumul, daidai ƙugu. Ya shafa. Ya matsa gaba. Inda ƙofa take, katakon ya yi ɗan tudu ƙarƙashin yatsa.

Sai Auta ta ji hannunta ya zama wayam. Baba ya sake ta.

Ta bi shi da ido. Yana tafiya shi kaɗai, kai a sama, irin tafiyarsa ta da in ya sauko daga mota. Ba shi kaɗai ya saki hannun mai rakiya ba. Wata tsohuwa ta saki gyalen 'yarta tana bin bango tana salati. Wani mutum da bandeji a ido ya je ƙarshe ya dawo, ya sake komawa, ba don yana neman komai ba. Masu rakiya suka tsaya cirko-cirko, hannuwansu ba aiki. Zauren da ta sani da hayaniya da karo da "yi hankali" ya yi shiru har ana jin tafin hannu yana bin katako.  Ta san kowace ƙusa a wurin, amma ji ta yi kamar ba su suka yi ba.

Katakon ya kai Baba ga kujeru. Ya lalubi ɗaya. Kafin ya zauna ya tura ta da gwiwa, don tun ranar nan ba ya yarda da kujera. Ba ta motsa ba. Ya sa ƙarfi. Ko gezau. Ya duƙa ya shafa ƙafarta, ya ji an kafe ta da ƙasa.

"Wa ya kafe kujerun nan?"

"Shi ne, Baba," in ji Auta.

Ya zauna. Sannan ya tambaya:

"Yana nan?"

"Ga ni, Baba." Dogo ya durƙusa.

"An ce ka rufe ido. Ka sha faɗuwa?"

"Na sha."

"Da zafi?"

"Zafin da sauƙi, Baba. Jin mutane sun yi shiru suna kallonka, shi ne."

Baba ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya sami kan Dogo, ya shafa har ya taɓa inda ƙulun yake.

"Turo manyanka."

Aka ɗaura aure. 'Yan kwamiti suka tsara wa ango da amarya ɗaki, suka yi ta faɗa kan labule kamar ba gobe. Baba ya haɗa hannuwansu cikin nasa ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zuri'a mai tambaya kafin ta taɓa." Inna ta ce amin tana dariya tana share hawaye.

Da suka zo gaisuwa bayan biki, da hantsi ne. Baba yana kan kujerarsa, tana nan inda Dogo ya ja ta. Rana ta shigo ta taga ta kwanta masa a gwiwa, ya juya fuska wajen hasken, abu ɗaya da idonsa ke iya kamawa. Inna ta raɗa wa Auta, "Kullum nan yake wuni. Wai tuna laifi yake yi."

Dogo ya durƙusa, hannuwansa a baya kamar mai tsoron kada su yi ɓarna.

"Baba, izini nake nema. Bari in mayar da kujerar nan inda na same ta."

Baba bai ko juyo ba.

"A'a. Ba za ka taɓa ta ba."