Aljanin Injin Alhaji Mitwalli

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Mitwalli ya faɗo ofishin 'yan sanda na Dumyat, a ƙasar Masar, yana haki, garin katako duk a kafaɗar rigarsa. Sufeto Wagdi ko rabin shayinsa bai sha ba.

"Basha, an yi mini sata! Kuma na san ɓarauniyar, kamawa kawai za ka yi."

"To ai ka gama mini aikin, Alhaji. Zauna. Me aka sace?"

"Gado da kabad."

"Sukutum? Ba wanda ya ga an fita da su?"

"Zanensu aka sace, Basha, zanen!"

Wagdi ya ajiye kofin. A garin nan namu kowa kafinta ne ko ɗan kafinta, kuma wanda ya sace maka zane ya fi wanda ya sace maka katako mugunta. Wata biyu masana'antar Alhaji tana aikin kayan ɗakin amarya da za a kai baje koli a Alƙahira. Jiya kwatsam sai ga irinsu sak a kantin Madam Inayat, abokiyar hamayyarsa ta shekara ashirin.

"Wa kake zargi?"

"Injiniya Basant, mai yi mini zane. Tun jiya na sallame ta. Kowa a layinmu manhajar zane ta Turawa yake aiki da ita, mai tsadar nan. Shadi mai gyaran kwamfuta sai ya fasa makullinta ya sa maka a fam ɗari biyu, shi ke nan. Ita kaɗai ta ce ba ta taɓa kayan sata, ta je ta ɗauko wata wai ta kyauta. Kyauta, Basha! Ni ko gwaggona ta ba ni kyauta sai na leƙa ƙasan kwanon. Shadi da kansa ya ce mini ta nan zanen ya zurare."

Ana ce mana marowata, mu mutanen Dumyat. Sharri ne, tattali ne da mu. Amma gaskiya ba mu yarda da abin kyauta ba, gara a ce mana na sata ne da rangwame.

"Ka faɗa wa wani wannan zargi?"

"Ba kowa. A gidan gahawa kawai na faɗa."

Wagdi ya dafe kai. Abin da aka faɗa a gidan gahawar layin kafintoci ai an faɗa wa garin ne kaf, har da masunta.

Ya sami Basant a gidan mahaifinta. Idanunta sun yi ja, amma bakin nan yana nan da kaifinsa.

"Basha, in kama ni ka zo yi, bari in sauke wake daga wuta."

A kusurwar falo wani dattijo yana zaune da rigar fita da hula, ya zuba wa bango ido. Baba Fathi ke nan, mahaifin nata, tsohon masassaƙi, wanda shekara arba'in bai taɓa fashin wasan domino a gidan gahawar nan ba. Tun jiya ya kasa taka ƙofar gida. Wagdi ya gaishe shi, ya amsa a ciki-ciki, kuma abin ya taɓa zuciyar Sufeto.

"Ba aikin ne ya dame ni ba," in ji Basant a hankali. "Sunan ne. Wa zai sake ɗaukar 'yar Fathi ɓarauniya? Ga shi nan, ko abinci ya ƙi ci."

"Wannan manhajar taki, me ya sa ake ba da ita kyauta?"

"Masu ita ne suka bar ta a buɗe. Kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta ya ga abin da aka zuba, kamar miyar da aka dafa a gabanka. Ta Shadi kuwa ƙulli ne aka miƙo maka a lungu aka ce haɗiye. Na faɗa musu, sai suka sa mini suna Ustaziya."

"Zane nawa kika yi?"

"Uku. Gado, kabad, madubi."

"Alhaji biyu ya ce an sace."

"Madubin ban gama ba. Yana cikin kwamfutata, ban kai wa injin sassaƙa ba tukuna. Kuma wallahi ya fi su kyau."

Wagdi ya rubuta wannan, ya ja masa layi biyu. Sannan ya karɓi hoton zanen gadon a takarda ya fita.

Madam Inayat ta tarbe shi da faranti cike da mushabbak, soyayyen kayan zaƙin garinmu, zuma tana ɗiga. Wagdi mutum ne mai riƙon gaskiya, amma ba a gaban mushabbak ba. Ya ci biyu kafin ya yi tambaya.

"Wannan gadon fa?"

"Daga Italiya zanen ya zo, Basha. Mitwalli hassada ce ke cin sa tun marigayi mijina yana da rai."

"Sunan kamfanin?"

"Wakilinsu ne ya turo ta waya. Ka san sunayensu, ba sa zama a kai."

Tana magana tana murza zoben hannunta. Wagdi ya durƙusa gaban allon gadon, inda aka sassaƙa reshen inabi, ya ƙirga 'ya'yan da yatsa. Ya duba takardarsa, ya sake ƙirgawa. A zanen Basant kowane nonon inabi yana da 'ya'ya tara. A nan bakwai ne.

"Madam, Italiyawan nan naki sun cinye inabi biyu a hanya."

Ba ta yi dariya ba. Shi kuwa ya ɗauki na uku ya yi sallama.

A masana'antar Alhaji Mitwalli ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji kansa. Gadon Alhaji yana jingine da bango, kuma shi ma inabinsa bakwai-bakwai ne. Wagdi ya sa aka kashe injin, ya kira mai tuƙa shi, Usta Sabri, wani siririn mutum mai fensir a bayan kunne.

"Usta, kana taɓa zane in an kawo maka?"

Sabri ya saci kallon maigidansa. "Ni? Yadda aka kawo haka nake sassaƙawa, wallahi."

"Alhaji, a taimaka mana da shayi mana."

Alhaji ya yi jim kamar an ce ya ba da ƙoda, sannan ya fita. Yana fita Sabri ya matso.

"Basha, ka rufa mini asiri. Bakin injin karyewa yake yi a ƙananan 'ya'yan, in ya karye kuma ni ne da faɗa. Sai na rage su zuwa bakwai a kwamfutar injin. Ba wanda ya lura."

"Ka kyauta wa Injiniya ba ka sani ba. Mai bakwai aka sace, mai bakwai kuwa a wannan kwamfutar kaɗai yake."

Sai a lokacin Wagdi ya dubi kwamfutar da kyau. An rataya mata shuɗin dutsen maganin kambun baka, ga kaskon turare a gefe, toka ta cika shi.

"Wannan fa? Ba ta da lafiya ne?"

Sabri ya yi ƙasa da murya. "Aljani gare ta, Basha. Wata Juma'a na dawo ɗaukar carbina ana cikin huɗuba, ba kowa a nan. Sai na ga 'yar kibiyar nan ta kan allo tana yawo ita kaɗai, tana buɗe zane ɗaya bayan ɗaya. Na karanta duk abin da na haddace. Amma fa aljani ne mai ladabi, in ya gama sai ya rufe komai."

"Me ya hana ka riƙa kashe ta in za ku masallaci?"

"Shadi ya hana. Ya ce in aka kashe ta ko aka cire mata intanet, manhajar za ta gane ta sata ce ta kulle kanta."

Wagdi ya yi murmushi. Shekara goma sha takwas yana aikin nan, bai taɓa jin ɓarawon da ya ce a bar masa ƙofa a buɗe aka kuma bar masa ba, sai yau.

Washegari ya leƙa shagon Shadi, wani ɗan ɗaki cike da matattun kwamfutoci. Shadi mutum ne mai fara'a, gashi ya sha mai, haƙora a waje.

"Basha da kansa! Me za a sa maka? Kai ba sai ka biya ba."

"Yaushe rabonka da wurin Alhaji Mitwalli?"

"Shekara guda cur ban taka ba. Ka tambayi kowa. Ni dai na gargaɗe shi kan yarinyar nan. Abin kyauta, Basha, ai ka sani."

"Ina kake sallar Juma'a?"

"Masallacin bakin kogi. Sahun farko."

Wagdi ya fito ya tsaya wurin mai sayar da wake da burodi a ƙofar shagon, ya sayi na fam goma, suka taɓa hira.

"Shadi? Sahun farko?" Mai wake ya kece da dariya. "Sauke ƙofa yake yi rabi ya zauna a ciki. Wai gwiwa ke damun sa. Gwiwar da ba ta ciwo sai ranar Juma'a."

Daga nan Wagdi ya koma wurin Basant ya ce ta zana masa wani abu na musamman kafin gobe. Da ya gaya mata abin da yake so, ta yi dariyarta ta farko cikin kwana uku.

Ranar Juma'a, da layin ya watse aka tafi masallaci, Basant ta zauna gaban kwamfutar injin da waya a hannu. An riga an sa sabon zanen a ciki, an rubuta masa suna: Odar otal ɗin Kuwait, sirri. Wagdi da kofur ɗinsa suna tsaye bayan keken mai wake. Liman bai kai rabin huɗuba ba wayar Wagdi ta yi ƙara. Basant ce.

"Basha, aljanin ya iso."

Suka ɗaga ƙofar shagon Shadi suka shiga. Shadi yana zaune ya ƙura wa allo ido, baki buɗe. A allon nasa fuskar kwamfutar Alhaji Mitwalli ce, kuma zanen da ya buɗe ya cika ta: ankwa ce guda biyu, an yi mata ado da furanni da inabi tara-tara.

"Ya gwiwar?" in ji Wagdi.

"Basha, gyara nake yi masa daga nesa..."

"Ranar Juma'a, ba ya nan, bai sani ba? Madam Inayat tana hanyar ofis. Kana ganin za ta shiga kurkuku saboda kai, ko za ta tuna sunan wakilin Italiya?"

Shadi ya sauke kai. Fara'ar ta tafi, ya koma kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

"A cikin manhajar na ɓoye ƙofar shiga. Duk wanda na sa wa, ina ganin kwamfutarsa."

"Shago nawa?"

"Talatin da ɗaya. In ɗauki na wannan in sayar wa wancan. Basha, su fa suka ce in sato musu. Ni kawai ban tsaya inda suka ce in tsaya ba."

"Ita kuma Injiniya me ta yi maka?"

"Tata na kasa shiga. Kuma ta fara koya wa wasu masu zane biyu manhajar tata. In abin ya yaɗu, ni na tashi aiki."

Kofur ya sa masa ankwa ta gaske, mara furanni, ya tura shi bayan mota.

Da aka sauko daga masallaci Alhaji Mitwalli ya ji labari, sai ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya sami Basant a ƙofar masana'anta ya fara kame-kame, wai ta dawo aiki gobe, wai shaiɗan ne.

"Zan dawo, Alhaji. A wanke kwamfutar injin tas, a sa wadda na ce. Wannan ɗaya. Na biyu, inda ka ɓata ni, can za ka wanke ni."

Wagdi da kansa ya je ya ɗauko Baba Fathi. Dattijon ya ƙi, ya ƙi, sai da Sufeto ya ce umarnin hukuma ne. Gidan gahawa ya cika maƙil kamar kullum bayan Juma'a, motar 'yan sanda tana tsaye a bakin titi da Shadi a ciki, kowa yana miƙa wuya. Da Baba Fathi ya shigo sai idanu suka koma kansa.

Alhaji Mitwalli ya miƙe, ya gyara murya, ya dubi ƙasa.

"Abin da na faɗa kan 'yar Fathi ba haka ba ne."

Baba Fathi, wanda duk layin ya san yana jin tsagewar katako daga ɗaki na uku, ya kai hannu bayan kunne.

"Me ka ce, Mitwalli? Tsufa ya taɓa mini kunne."

"Na ce 'yarka ba ta saci komai ba!"

"Ƙarar mota ta yi yawa. Wa ka ce?"

Wurin ya fara ƙyaƙyatawa. Alhaji ya yi ja har kunne, ya cire hularsa, ya ɗaga murya yadda masu shago a ƙarshen layi suka leƙo.

"Injiniya Basant 'yar Fathi ba ɓarauniya ba ce! Ƙarya na yi mata! Ita kaɗai ce a layin nan ba ta taɓa kayan sata ba. Ɓarawon ni na kira shi, ni na buɗe masa ƙofa da hannuna!"

Aka fashe da dariya da tafi, har da masu shago talatin ɗin da Shadi ya yi wa irin wannan aika-aika, waɗanda su ma ba su da bakin dariya. Wagdi ya yi wa direba alama, motar ta ja da Shadi.

Baba Fathi bai yi dariya ba. Hawaye ne suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai ko share su ba. Ya juya ya dubi 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon ta.

"Yanzu na ji," ya ce. "Basant, je ki ɗumama waken nan. Yunwa nake ji."